Dorugu: Yaron Damagaram da ya yi shekara takwas a Ingila, ya dawo ya ƙare rayuwarsa a Kano

Duk wanda ya taɓa shiga Gidan Ɗan Hausa da ke Nassarawa a Kano zai ji an ambaci Hanns Vischer, Baturen da ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a unguwar a shekarar 1909. Sunan da ba a cika ambata ba shi ne na wani dattijo da ya koyar a makarantar, ya kuma rasu a can a 1912. Sunansa Dorugu. Tun kafin a haifi Vischer, wannan mutum ya riga ya kwana a Tambutu, ya ratsa Sahara, ya ga Landan da Hamburg, ya zauna shekara takwas a gidan Bature a Ingila, sannan ya ɗaure kayansa ya dawo.

Masu nazarin harshen Hausa sun san shi sarai, domin labarin rayuwarsa yana cikin zuben Hausa mafi daɗewa da aka buga da haruffan boko. Amma ga ɗan ci-ranin da ke New York ko Jidda ko Kumasi yana lissafin ranar komawa gida, akwai wani abu a tarihin Dorugu da ya fi batun nahawu. Shi ya yi komawar tun 1864, kuma abin da ya biyo baya ya isa a tsaya a duba.

An haife shi wajen 1840 a Dambanas, wani ƙauye kusa da Kance, a yankin Damagaram na Jamhuriyar Nijar ta yau. Mahaifinsa manomi ne kuma makaɗi. A lokacin Damagaram tana bin Barno, kuma zaman talakan karkara ba shi da tabbas. James Richardson, Baturen Ingila da ya sauka a birnin Damagaram a farkon 1851, ya rubuta yadda sarkin garin ke kai hari kan garuruwan da ke cikin ƙasarsa, a kamo mutane a sayar don a biya bashi. A cikin irin wannan yanayi ne aka kama Dorugu yana ɗan shekara 11 ko 12. Ya kamata a faɗi wannan ƙarara: waɗanda suka raba shi da iyayensa mutanen yankin ne, kuma a kasuwannin yankin aka yi cinikinsa, daga hannu zuwa hannu, har ya tsinci kansa a Kukawa, babban birnin Barno.

A Kukawa ya haɗu da Adolf Overweg, Bajamushen da ya zo tare da Richardson da Heinrich Barth a tafiyar binciken da gwamnatin Ingila ta ɗauki nauyi. Overweg shi ne wanda ya zaga Tafkin Chadi da jirgin ruwan da aka ɗauko gunduwa-gunduwa a kan raƙuma tun daga Tarabulus, aka harhaɗa shi. Shi ya fanshi Dorugu ya 'yanta shi, tare da wani saurayi ɗan ƙabilar Margi mai suna Abbega. Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kashe Overweg a bakin tafkin, a watan Satumba na 1852. Richardson ya riga ya mutu. Saura Barth shi kaɗai, wanda mutanen ƙasar ke kira Abdulkarim, sai yaran biyu suka koma hannunsa.

Ranar 25 ga Nuwamba, 1852, Barth ya bar Kukawa ya nufi yamma, Dorugu na cikin ayarinsa. A ƙarshen Disamba suka shiga Damagaram, suka yi fiye da wata guda. Ke nan yaron ya dawo ƙasar haihuwarsa a matsayin ɗa, ƙauyensu bai wuce tafiyar 'yan kwanaki ba, amma da ayari ya tashi sai ya bi shi. Suka yi Katsina, suka gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, suka zauna a Wurno, suka leƙa Sakkwato, suka wuce Gwandu. Daga nan suka ƙetare Dallol Boso, kwarin nan da ya gangaro daga arewa ta ƙasar Kurfai da Imanan, ta wajen Filinge, har ya faɗa kogin Kwara. Ta kudancin kwarin suka ratsa, suka isa Sayi a watan Yuni na 1853, inda suka haye kogi. Mutanen wannan kwari daga baya sun yi suna wajen ci-rani zuwa Kumasi da Ankara, don haka labarin wanda ya tafi ya daɗe ba baƙon abu ba ne a wurinsu.

Ranar 7 ga Satumba, 1853, suka shiga Tambutu. Zaman bai yi daɗi ba. Mahukuntan Masina ba sa son Kirista a garin, kuma Shehu Ahmad al-Bakkay ne ya tsaya wa Barth har ya fita da ransa bayan wata takwas. Suka biyo kogi ta Gawo suka dawo Sayi, suka sake bi ta Sakkwato, suka shiga Kano a watan Oktoba na 1854, sannan Kukawa. A watan Mayu na 1855 suka kama hanyar hamada ta Bilma da Murzuk, suka isa Tarabulus a ƙarshen Agusta. Daga nan sai jirgin ruwa zuwa Malta da Marseille, sai Faris, sai Landan ranar 6 ga Satumba, 1855. Dorugu bai wuce shekara 15 ko 16 ba.

Rigima a kan yara biyu

Barth ya tafi da su Jamus, suka ga danginsa a Hamburg. Niyyarsa ita ce ya mayar da su gida, har ya shirya hakan. Sai wani mutum ya shigo cikin maganar.

James Frederick Schön ɗan mishan ne, haifaffen Jamus, da ya yi aiki a Saliyo ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta cocin Ingila. Yana cikin waɗanda suka hau kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, kuma a 1843 ya wallafa ɗan littafin kalmomin Hausa. Rashin lafiya ya mayar da shi Ingila, inda ya zama limamin wani asibitin sojan ruwa a Chatham. Matsalarsa ɗaya ce: yana son ya rubuta nahawun Hausa ya kuma fassara Baibul, amma bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba, Hausar da ya sani ta bayin da aka 'yanta aka zaunar a Saliyo ce. Ga shi yanzu Bahaushe ɗan asali ya iso har ƙofar gida. Schön ya shawo kan yaran suka zauna a wurinsa. Barth ya fusata ƙwarai, kuma tsakanin mutanen biyu bai sake gyaruwa ba.

Manya biyu suna ja-in-ja a kan makomar yaran, kowa da hujjarsa, ɗaya yana maganar alkawarin mayar da su, ɗaya yana maganar ilimi da addini. Kowannensu kuma yana da amfanin da yake samu daga bakin yaran. An yi musu baftisma, Abbega ya zama Frederick Buxton Abbega, Dorugu ya zama James Henry Dorugu. Abbega bai daɗe ba, a 1857 ya koma Afirka ta Yamma. Dorugu ya zauna.

Abin da ya yi a waɗannan shekaru shi ne magana. Yana faɗa, Schön yana rubutawa: tatsuniyoyi, kalmomi, yadda ake gina jimla, da labarin rayuwarsa tun daga Dambanas har Turai. Shi kuma ya koyi Turanci da karatu da rubutu. Daga wannan zama aka samu fassarar wasu littattafan Baibul, da nahawun Hausa na 1862, da ƙamus na 1876, da kuma Magana Hausa da ya fito a 1885, wanda a ciki ne labarin Dorugu yake.

Wanda ya karanta labarin zai ga abin da ba a saba gani ba a rubuce-rubucen wancan ƙarni. An saba Bature ya zo ya ƙare wa Bahaushe kallo, ya rubuta yadda yake ci da yadda yake sa tufafi. A nan Bahaushe ne ke kallon Bature. Dorugu ya tsaya ya bayyana yadda mutanen Ingila ke yin liyafar cin abincin dare, yadda maza da mata ke zama a teburi ɗaya, yawan cokula da wuƙaƙe, da yadda ake kawo abinci kashi-kashi, kamar mai ba 'yan garinsu labarin wata al'ada ta ban mamaki. Ba ya rawar jiki, ba ya kuma raina kansa. Duk wanda ya taɓa kiran gida a makonsa na farko a Turai yana ba da labarin abin da idonsa ya gani zai gane muryar.

Sakamakon aikin kuwa bai rabu daidai ba. A 1877 Faransawa suka ba Schön lambar yabo ta Volney saboda aikinsa a kan Hausa, a 1884 Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa. A yi masa adalci, bai ɓoye sunan Dorugu ba, ya rubuta cewa shi ya faɗi labarin da bakinsa. Amma lamba da digiri na mai alƙalami ne, mai harshen bai samu ko ɗaya ba.

Akwai kuma wani abu da masana suka lura da shi. Hausar da ke cikin littattafan Hausar Damagaram ce, ta yaron da ya bar gida tun bai balaga ba, kuma kunnen Schön bai rarrabe wasu sautuka ba, irin bambancin da ke tsakanin d da ɗ, ko k da ƙ. Duk da haka waɗannan littattafai suna cikin waɗanda Turawan da suka biyo baya suka dogara da su. Charles Henry Robinson, wanda ya zo Kano a ƙarshen 1894 don nazarin harshen, shi ya sake fitar da Magana Hausa a 1906. Wato Turawan da suka zo mulkin ƙasar Hausa sun tarar da hanyar koyon harshen a share, kuma bakin yaron da aka sayar a kasuwa yana cikin abin da ya share ta.

Wanda ya tafi Amurka

A daidai lokacin da Dorugu ke Ingila, wani ɗan yankin ya biyo ta Landan da niyyar komawa gida. Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda aka fi sani da Nicholas Said, haifaffen Kukawa ne, ɗan Barka Gana, ɗaya daga manyan mayaƙan Shehu al-Kanemi. Shi ma an kama shi yana yaro, kusan lokaci guda da Dorugu, sai dai hanyarsu ta saɓa: an kai Dorugu Kukawa daga ƙasar Hausa, shi kuma an kawo shi Katsina daga Barno. Daga nan aka tsallaka da shi Tarabulus, ya yi Santambul, ya yi Rasha, ya zaga Turai a matsayin baran wani basarake. Da ya ajiye aikin a Landan, Afirka ya nufa. Sai wani Bature ya yi masa tayin aiki na ɗan lokaci, ya raka shi ƙetaren Atilantika. Ya karɓa. A 1863 ya shiga runduna ta 55 ta jihar Massachusetts, ta sojoji baƙar fata, a yaƙin basasar Amurka. Bayan yaƙi ya yi koyarwa a jihohin kudu, ya wallafa tarihin rayuwarsa a Memphis a 1873, kuma a Amurka ya yi sauran kwanakinsa.

Ɗan aiki guda kafin a tafi gida. 'Yan ci-rani da yawa sun san yadda wannan lissafi ke ƙarewa.

Komawa

Dorugu ya dawo Afirka ta Yamma a 1864, yana da kimanin shekara 24. Rabin rayuwarsa ya yi shi ba a gida ba. Ya bar ƙauye da Hausa kaɗai, ya dawo da Turanci, da karatun boko, da sabon suna, da sanin halin Bature ciki da waje.

Tambayar ita ce, wa zai sayi wannan kaya? A 1864 ilimin da ke da daraja a Kano da Katsina da Damagaram shi ne na Larabci da ajami. Da shi ake zama alƙali, da shi ake rubuta wasiƙar sarki, da shi fatake ke riƙe lissafi. Boko ba shi da kasuwa a fada, ba shi da ita a Kurmi. Masu buƙatarsa su ne Turawan da ke hawa da sauka a kogin Kwara da Binuwai: 'yan mishan, matafiya, 'yan kasuwa, daga baya kuma jami'an mulki. Wurinsu Dorugu ya yi aiki, a matsayin tafinta, shekara da shekaru. Ya baro ƙasar Turawa, amma abincinsa ya ci gaba da fitowa daga hannunsu.

A ganina nan ne labarinsa ya fi kusa da na zamaninmu. Mutum ya dawo da takardar shaida da gogewar da ya sha wuya kafin ya samu, sai ya tarar wurin da ake gane darajarsu ofishin jakadanci ne ko ƙungiyar agaji ta waje. Yana gida, amma ranar aikinsa gaba ɗaya da baƙi yake yin ta, da harshensu. 'Yan'uwa suna ganinsa kamar rabin Bature, Turawan kuma ba su taɓa mantawa da cewa ma'aikacinsu ne ba. Tafinta a wancan zamani yana da ƙarfi, domin ta bakinsa magana ke wucewa tsakanin mai bindiga da mai gari. Amma ƙarfin na aro ne, kuma kowane ɓangare yana iya zarginsa da karkata.

Abokin tafiyarsa ya fi shi samun wurin zama. Abbega ya kafu a Lokoja, garin da ya girma a mahaɗar kogunan biyu bayan William Baikie ya kafa sansani a wurin, har ya kai ga zama sarkin garin. Jikansa Maimaina, haifaffen Jega, shi ma ya yi wa Turawa tafinta, ya ƙare a matsayin Sarkin Askira a ƙasar Barno. Zuriyar Abbega ta samu sarauta. Dorugu, wanda ya fi shi daɗewa a Turai, ya kuma bar abin da ake karantawa har yau, ya tsufa yana ɗan albashi.

Ƙasar ma ta sauya a gabansa. Barth ya mutu a Balin a 1865, Schön a 1889. A 1886 kamfanin Royal Niger ya samu izinin mulki a bakin kogi. A 1899 Faransawa suka ci Damagaram. Ranar 1 ga Janairu, 1900, Lugard ya kafa tutar Ingila a Lokoja, a watan Fabrairu na 1903 Kano ta faɗi. Da Ingila da Faransa suka gama ja da gyara iyakarsu, Kance da ƙauyukanta suka faɗa ɓangaren Faransa, Kano da Katsina suka faɗa na Ingila. Hanyar da ya bi yana yaro ba tare da an tambaye shi takarda ba ta zama ƙasashe biyu. Turancin da ya kwaso a Chatham na ɓangaren kudu ne, a garinsu kuwa sabon mai mulki Faransanci yake ji.

Sai a ƙarshen rayuwarsa ne abin da ya koyo ya samu gurbi a cikin ƙasar Hausa kanta. Gwamnatin mulkin mallaka ta yanke shawarar a rubuta Hausa da haruffan boko a harkokinta, aka ɗora wa Vischer kafa makaranta a Nassarawa, inda aka tara 'ya'yan sarakuna da malamai da masu koyon sana'a. Vischer ya san hanyar da Dorugu ya bi, domin shi ma ya ratsa hamada daga Tarabulus zuwa Barno a 1906. Ana neman wanda ya iya karanta Hausa da boko ya kuma iya koyar da ita, ga tsoho nan da ya fara yin haka fiye da shekara 50 da suka wuce. Iyaye da yawa a lokacin suna ƙyamar makarantar, suna ganin hanya ce ta raba yara da addininsu, kuma kalmar boko kanta ba yabo ba ce a bakin mutane. A cikin wannan yanayi Dorugu ya koyar, yana da shekara kusan 70.

A 1912, shekarar da ya rasu, Vischer ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa da boko. Haruffa masu lanƙwasa da muke amfani da su yanzu, ɓ da ɗ da ƙ, sun zo ne daga baya, a shekarun 1930, zamanin Rupert East a Zariya. Labarin Dorugu kuwa ya jira har 1971 kafin Anthony Kirk-Greene da Paul Newman su fitar da shi da Turanci tare da bayani, a littafi ɗaya da tarihin Maimaina, jikan Abbega.

Matar Vischer, Isabelle, ta rubuta abubuwan da ta gani a zamanta na Kano, kuma ta ambaci rasuwar tsohon. Da aka buɗe kayansa, an tarar da tarin tabarau da ya tara a tsawon shekarun aikinsa da Turawa, da gwangwanayen kayan ci na Turai da bai taɓa buɗewa ba, da kuɗi masu yawa da ya adana. Nassarawa, inda ya cika, ba ta kai kilomita 200 daga Kance ba.